Allon Ƙofar Maƙera

A ƙauyenmu, can bakin dajin Kamuku, akwai wani allon ƙarfe a ƙofar maƙerar mahaifina. Har yau yana nan tsaye. Ni na tsara abin da ke jikinsa, kuma duk lokacin da na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na daɗe ina kewaye maganar nan. Yau dai bari in faɗe ta yadda take, wanda zai zage ni ya zage ni, ai na cancanci zagin.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai. Na gama sakandare, na leƙa Kaduna na yi shekara biyu ina neman abin yi ban samu ba, na dawo gida da fararen riguna biyu, da takalmi sau-ciki, da Turancin da ya fi ƙarfin aljihuna. Baba maƙeri ne, haka ubansa, haka kakansa. Ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa. Tun ina ƙarami yakan dafa uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan aiki a kansa, ya ce da ni, "Wannan taka ce. Daga hannuna sai hannunka." Da na dawo daga birni sai ya zama ko warin gawayi ba na son ji a jikin rigata. Bai yi mini faɗa ba. Suna kawai ya sa mini, ya riƙa kirana Malam, yana yi yana murmushi.

A shekarun nan hanya lafiya lau take. Da zarar damina ta ɗauke, baƙi kan zo kallon daji: ɗalibai cikin doguwar mota, ma'aikata daga Kaduna, wani sa'in har da Turawa da hulunansu masu faɗi kamar malafa. Idan sun gaji da neman giwa ba su gan ta ba, sai a biyo da su ta garinmu su sha ruwa su miƙe ƙafa. Ni kuwa da ba ni da aikin fari balle na baƙi, sai na naɗa kaina ɗan rakiya. Babu wanda ya ɗauke ni aiki. Da na ji ƙarar mota sai in zura farar riga in tare su a gindin tsamiya, in fara zuba.

Abin nunawa muna da shi daidai gwargwado. Akwai tsohon masallacinmu na ƙasa, mai ginshiƙai biyu masu kaurin da mutum ɗaya ba ya rungume su, da rufin azara da ya yi baƙi don tsufa. Duk shekara bayan girbi gari kan fito ƙwansa da kwarkwata a yi masa yaɓe. Akwai zauren mai gari, wanda aka gajarta ƙofarsa da gangan, ko kai wane ne sai ka sunkuya kafin ka shiga. Akwai ragowar ganuwa ta gabas, wadda awaki suka mayar wurin shan iska. Daga nan sai in ratsa da su kasuwa: mai zumar daji da kwalabensa, mata masu man kaɗanya a ƙoƙo, matan Fulani da ƙwaryar nono, matan Gbagyi da tukwanensu, sai teburin mai shayi, wanda abokina ne tun firamare. Duk wanda na tsayar da baƙi a gabansa ranar ya yi ciniki. Saboda haka kowa na yi mini fara'a, ni kuwa kaina ya kumbura ya yi suntum.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙin shi ne kufai. Ƙetaren rafi akwai inda kakanninmu suka fara zama kafin su taso su dawo nan. Ba komai a wurin sai kukoki, da duwatsun niƙa da suka lotse, da tsibin kashin maƙera inda aka taɓa narka tama. Mu ko itace ba mu cika zuwa yi can ba. Su kuwa sai su share awa guda suna ɗaukar hoto, suna tambayata yadda ake rubuta kalmar, suna maimaita ta, kufai, kufai, sai ka ce sunan wani abinci ne mai daɗi. Na lura da wannan. Na kuma lura idan muka zo wucewa ta maƙerar Baba ko waiwaye ba sa yi.

Abin ya ci mini rai, don a duk garin babu ginin da ya kai maƙerar nan tsufa, har da masallacin. Ɗaki ne zagayayye, gajere, bangonsa ya sha hayaƙi har ya yi sheƙi. Amma me baƙo zai gani in ya leƙa? Tsoho cikin tsohuwar singileti, rediyo rataye a bango tana ta surutu, tarin ƙarafan matattun motoci a gefe, da wata zugar zamani da Baba ya haɗa da kansa da ƙafar keke, yana juya ta da hagu wuta na huruwa, damansa na riƙe da awartaki. Manoma a zazzaune suna jiran a gyara musu fartanya, suna gardamar farashin taki. A idona na lokacin wannan ba tarihi ba ne, talauci ne tsagwaronsa. Kunyarsa nake ji, in faɗi gaskiya.

Sai dabarar yin alluna ta zo mini. Na samo tsofaffin durom biyu, Baba ya fasa mini su ya miƙar, aka fitar da alluna huɗu. Na shafa musu shuɗin fenti, na yi rubutu da fari. Ɗaya na masallaci, ɗaya na zaure, ɗaya na ganuwa, duk na ɗaure su da waya inda ya dace. Na huɗun na maƙera ne. Na zauna a inuwar katanga da burushi a hannu, ina tunanin abin da zan rubuta wanda zai sa mota ta taka birki. Can sai na rubuta da manyan baƙaƙe: KUFAN MAƘERA.

Kada wani ya ce ban san nauyin kalmar ba. Na sani sarai. Kufai wurin da mutanensa suka watse ne, wuta ta mutu, babu mai kwana. A garinmu ba a haɗa kalmar nan da gidan da ake hura wuta a cikinsa. In ka ji mace ta ce da 'yar'uwarta Allah ya mai da gidanku kufai, to an kai ƙarshen zagi, sai manya sun shiga tsakani. Duk na san wannan. Abu ɗaya na dogara da shi: Baba ba ya karanta boko. Ajami yake karantawa, shi ma sai ya nisanta takardar da idonsa.

Fentin bai gama bushewa ba ya zo ya tsaya a kaina yana goge hannu da tsumma.

"Malam, me aka rubuta?"

"Maƙerar gado, Baba," na ce. Ko idona bai ƙifta ba.

"Maƙerar gado." Ya maimaita a hankali, yana gyaɗa kai. "To madalla. Amma fentin nan naka ba zai ga damina biyu ba. Kawo nan."

Ya ɗauki allon ya shiga da shi ciki, ya kwantar a kan gungume, ya ɗauko ƙusa mai kauri da ƙaramar guduma. Sai ya fara bin farin layin yana hudawa, huda bayan huda, kusa da kusa, yadda tela ke bin zanen alli. Wuni guda ya yi a kai. Manoma biyu suka zo da aiki ya ce su dawo gobe, yau yana aikin Malam. Da ya iso kan harafin nan mai lanƙwasa a ka sai ya ɗago.

"Wannan mai ƙugiyar fa?"

"Ƙa ce, Baba."

"Ashe boko ma na da ƙugiya," ya ce, ya yi dariya, ya ci gaba da duka.

Washegari ya yi wa allon ƙafafu da sandunan ƙarfe biyu masu kauri, ya lanƙwashe ƙarshensu, ya haƙa rami har cinya, ya jera duwatsu, ya kwaɓa ƙasar suri ya zuba, ya daddanne da taɓaryar Inna. Ina tsaye ina kallo, hannuna cikin aljihu. Sau uku bakina ya buɗe zan yi magana, sau uku na mayar da shi na rufe. Da ya gama ya ja da baya ya ƙare wa allon kallo, ya kira maƙwabcinmu ya zo ya ga rubutun ɗansa.

Da yamma mai shayi ya ja ni gefe. Shi ya iya karatu.

"Kai, kana da hankali kuwa? Tsoho yana ciki da ransa da lafiyarsa ka rubuta masa kufai a ƙofa?"

Na hayayyaƙo masa. "Kai me ka sani a harkar baƙi? Kafin in fara kawo su ƙuda kake kora a teburin nan. Ka ji da tukunyar shayinka, malam, ka bar mini nawa."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya koma wajen wutarsa. 'Yan kaɗan ɗin da suka iya karatu a garin duk haka suka yi gum, wasu don suna cin moriyar baƙin, wasu don ba wanda ke son ya zama shi ne ya kai wa tsoho wannan labari.

Ban tsaya nan ba, kaicona. Na ce da Baba duk ranar da baƙi za su zo ya sauke rediyo, ya rufe ƙafar keken da buhu, ya fito da zugazugin fatar akuya na kakanmu da ke rataye a ɗaka. 

"Zugazugi aikin mutum biyu ne, Malam. Ɗaya na zuga, ɗaya na duka. Za ka zauna mini?"

"Ni ai ina wajen bayani, Baba."

"To," ya ce. 

Haka ya riƙa yi shi kaɗai. Ya durƙusa ya kama fatun da hannu biyu ya yi ta zuga, in ƙarfe ya yi ja ya saki ya rarumi awartaki, ya yi duka huɗu ko biyar, ƙarfen ya huce, ya koma zuga. Aikin da yake gamawa kafin hantsi sai ya kai shi azahar. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa inda tartsatsi ba zai taɓa mini riga ba.

Dabarar ta ci, wannan shi ne abin haushin. Motoci suka fara tsayawa. Baƙi su karanta allon, su sunkuya su shiga, su yi ta ɗaukar hoto, su sayi 'yan ƙananan wuƙaƙe su tafi da su tsaraba. Ni kuma in gaya musu da Turanci cewa ƙira ta daɗe da mutuwa a nan, wannan tsohon ana kawo shi ne ya nuna yadda mutanen dauri suke yi. Wata rana wani ɗalibi ya tambaye ni ko na san tsohon. Na ce wani dattijo ne na nan garin. Baba na durƙushe taku uku daga inda nake, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ɗago ya yi mana murmushi don ya ga ana kallonsa. Wani dattijo. Ni na faɗa, da bakin nan nawa da ya girma da tuwon da gudumarsa ta kawo gida.

Asirina ya tonu gab da faɗuwar damina, lokacin da maƙera ta fi cika. Wata malama ce ta zo da ɗalibanta mata, dattijuwa, Bahaushiya, mai farin tabarau. Ba ta tsaya sauraren bayanina ba. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shiga ta rusuna.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu, Hajiya. An zo lafiya?"

Ta dubi tarin sababbin fartanyoyi da ke jingine a bango, ta dubi manoman da ke jira, da wani Bafulatani makiyayi da ya kawo gatarinsa.

"Baba, duk waɗannan na nuni ne?"

"Na nuni kamar yaya, Hajiya? Na mutane ne. Ruwa ya kusa."

"Au, kullum kana aiki a nan ke nan?"

"Tun kafin a haifi wancan." Ya nuna ni da awartaki, fuskarsa cike da fara'a. "Ɗana ne. Shi ya yi rubutun ƙofa."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.  Na tabbata ba da mugunta ta yi ba, mamaki ne ya fitar da maganar kafin ta auna ta.

"To me ya sa aka rubuta kufai?"

"Aka rubuta me?"

"Kufan maƙera, Baba. Haka allon ya ce."

 Bafulatanin ne kaɗai ya ce subhanallahi, ya sunkuyar da kai. Ƙarfen da ke bakin awartakin Baba ja ne zur lokacin da ta yi maganar, ina kallonsa har ya koma baƙi, Baba bai motsa ba. Can ya ajiye shi, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya fita waje ya tsaya gaban allon. Ya sa yatsa yana shafa hudojin da ya yi da hannunsa.

"Wanne ne kufan?"

Ba ni ya tambaya ba, ita ya tambaya. Ta fito ta nuna masa haruffa biyar na farko. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma ciki, ya naɗe zugazugin ya ajiye gefe, ya yaye buhun da ke kan ƙafar keke, ya mayar da rediyo kan ƙusarta, ya zauna.

"Ku yi haƙuri, Hajiya, mutane na jira."

Da za su shiga mota malamar ta rage murya ta ce da ni, "Ɗana, ka ji tsoron Allah." 

Labari ya riga ni isa gida. Inna, mahaifiyata, na tankaɗe a tsakar gida, tana ganina ta dangwarar da rariyar.

"Kai ɗin nan! Da hannunka? Ɗakin da aka ƙera askar da aka yanke maka cibiya? Me muka yi maka? Bokon ke nan?"

Maimakon in durƙusa sai na ɗaga murya, don haka halina yake in an kama ni. "Haba Inna, kalma ce kawai fa, saboda baƙi."

"Kalma ce kawai! To je ka rubuta ta a goshinka, tunda kalma ce kawai. Tashi ka ba ni wuri."

Da sassafe na ari diga na nufi maƙera. Baba ya riga ya hura wuta. Na ɗaga digar ke nan na ji muryarsa daga ciki.

"Ajiye."

"Baba, cire shi zan yi."

"Na ce ajiye. Wanda zai karanta ya riga ya karanta. Ni na huda shi da hannuna. Ko an cire, na san abin da na huda."

Na shiga na tsuguna. "Baba, ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," ya ce, idonsa na kan wuta.

Duk ɗan Bahaushe ya san bambancin wannan amsa da na yafe maka. Daga ranar bai ƙara kirana Malam ba, sai sunana na yanka, kamar yadda zai kira kowa. Bai kuma ƙara dafa uwar maƙera ya ce tawa ce ba. Da dukana ya yi da masaba, babbar gudumarsa, da ya fi mini sauƙi. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in tuɓe farar riga in zauna in kama masa aiki har zuciyarsa ta sauko. Girman kai da kunya suka haɗu suka hana ni. Sai na daina bi ta layin gaba ɗaya. In zan je kasuwa in zagaya ta bayan masallaci, in baƙi sun zo in kai su ko'ina ban da nan.

Bayan 'yan shekaru daji ya lalace. Masu bindiga suka fara da kore shanu, har na Fulanin da muka tashi tare da su. Sannan gonakin nesa suka gagara zuwa. Baƙi suka ɗauke ƙafa ɗif. Mai zuma ya daina shiga daji, matan nono suka daina zuwa, mai shayi ya ɗora teburinsa a mota ya koma birni. Shekarar nan ba a yi wa masallaci yaɓe ba, don ba wanda hankalinsa ke kwance. Muna ta jin labarin ƙauyukan da aka tasa, har wata safiya abin ya zo kusa da mu ƙwarai, mai gari ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. Uwar maƙera a dase take cikin kututturen da aka binne a ƙasa tun zamanin kakanni, babu lokacin tono. Ina kallon Baba ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a kan wutarsa har ta mutu. Ya kwance ƙafar kekensa ya saɓa, ya fito ya wuce ta gaban allon bai dube shi ba.

A cikin Birnin Gwari wani ɗan'uwan Inna ya ba mu ɗakuna biyu. Baba ya kafa 'yar rumfa a bakin hanya, ya samo wani guntun ƙarfen inji yana duka a kai. Aiki na fita, amma kullum sai ya ce ƙarfen nan ba ya amsa masa. Ya rame, ya rage magana. Ni kuma na shiga lodin buhuna a tasha, farar riga ta zama tsumman goge gumi.

Wata rana a gidan suna na ji wasu mata 'yan garinmu suna magana a bayan zana, ba su san ina nan ba. Ɗaya ta ce, "Ai ɗan maƙerin ne ya yi wa garin baki. Shi ya rubuta, ga shi ta tabbata." Ina da hankali, na san an tashi garuruwa da yawa inda ba wanda ya taɓa rubuta komai. Na san ba fentina ne ya kawo masu bindiga ba. Amma sanin bai hana maganar ta soke ni ba. Na tashi na bar gidan ko sallama ban yi ba.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, mutane suka fara satar jiki da rana suna leƙa gonakinsu, sai na ƙudura zan je. Abu biyu zan yi: in ɗauko uwar maƙera, in tumɓuke allon nan. Inna kaɗai na gaya wa. Ta ce in dawo kafin la'asar. Na samu wani mai babur da ya san hanya, muka ɗaure diga da buhu muka kama hanya da hantsi.

Allah sarki garinmu. Ciyawa ta kai ƙugu a tsakiyar kasuwa. Kusurwar masallaci ta gabas ta zube, azara a waje. Ƙyauren zauren mai gari na kwance a ƙasa, gara ta cinye rabinsa. Allunan nan uku da na ɗaure da waya babu ko ɗaya. Ko kukan kaza babu. Rufin maƙera ya rufta ta gefe ɗaya, na rarrafa na shiga. Uwar maƙera na nan inda take, ta yi tsatsa. Na tona, na fasa kututturen da diga, na ciro ta, na naɗe a buhu. Wannan bai ba ni wahala sosai ba.

Sai na fito na fuskanci allon. Fentin ya tafi gaba ɗaya, shuɗin da farin, kamar yadda Baba ya faɗa. Amma kalmar na nan raɗau, huda bayan huda, rana na ratsa ta. Na kama shi na jijjiga, ko gezau. Na sa diga, ƙasar surin nan ta zama kamar dutse, digar sai tsalle take. Na ɗauko dutse na yi ta dukan fuskar allon, ya lotsa kaɗan, kalmar na nan ana karanta ta. Na zage shi, na zagi kaina, na sake kama ƙafafun na yi ta ja har tafin hannuna ya yage.

"Malam, rana na yi fa," in ji mai babur, yana waige-waige wajen daji. "Wallahi in ba ka taho ba ni zan tafi, ina da iyali."

Haka na bar shi a tsaye, na hau babur da buhu a cinyata.

Na sami Baba a rumfarsa bayan azahar. Na sauke buhun a gabansa. Ya kwance bakin, ya tsaya cak. Ya ɗora tafinsa a kanta ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ɗauki ƙaramar guduma ya ɗan ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

"Ita ce," ya ce.

Ya ci gaba da goge tsatsar da gefen rigarsa. Bai dube ni ba ya ce, "Allon fa?"

"Yana nan, Baba. Na yi, na yi, ya ƙi ciruwa."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya kamo hannuna ya juya tafin, ya dubi inda ya yage, jinin ya bushe da ƙasa a ciki.

"Ai ba zai ciru ba, Malam," ya ce. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa har na manta. "Ranar da na kafa shi, cewa na yi rubutun ɗana ne. Ban so ko iska ta kayar da shi bayan raina ba."

 Ya saki hannuna, ya ɗan matsa gefe a kan buzunsa, ya nuna mini mariƙin ƙafar keken da haɓa.

"Zauna. Wutar na mutuwa."

Na zauna na kama juyawa da hannun da bai yage ba. Har aka kira la'asar ban iya ɗaga kai na dube shi ba.